Ɗana Yana Cikin Bangonku

Zuwa ga Mai girma Magajin Garin da ke bakin Tekun Karibiyan, inda aka ajiye gawar ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mace ce daga Gaya, a bakin Kogin Kwara. Ɗana direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Ya bi masu neman hanyar Amurka, kwalekwalensu ya kife a gaɓarku. Abokin tafiyarsa, wani mutumin Tanda, garin da ke kusa da mu, ya tsira, shi ya aiko mini da hoton makwancinsa ta waya.

Na farko, ba a sa shi a ƙasa ba. An tura shi cikin ramin bango irin na tantabara, aka liƙe da siminti. An ce haka kuke yi wa naku, don ƙasarku damshi gare ta, ruwan sama ba ya yankewa. Ban ce kun wulaƙanta shi ba. Amma Musulmi ƙasa ake mayar da shi, bisa gefen dama, fuska na kallon alƙibla.

Na biyu, an ce idan shekaru suka ja kuna kwashe ƙasusuwan da ba mai nema, ku haɗa su wuri guda. Ina nema, ranka ya daɗe. Nisa ne ya hana ni zuwa.

Na ji cewa kakannin yawancinku daga ɓangarenmu aka kwashe su cikin jiragen bayi, kuma har yau kuna kwana tara kuna yi wa mamaci waƙa. Ashe kun san darajar gawa.

Nakan tambayi kaina bayan salla: wannan roƙo ba jayayya da hukuncin Allah ba ne? Shi ya san inda bawansa yake. Zuciyata ce ba ta kai can ba. Kuma na san da wuya takardar Hausa ta isa teburinka.

Duk da haka ina roƙo a sauko da shi, a tona masa kabari. Idan ya gagara, a goge haruffa biyun da aka rubuta a kan simintin, masu nufin “ba suna”, a sa sunansa. Ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ban kuwa taɓa kiran sa ba tun ranar suna. Yau na ajiye kunya. Sunansa Idrisa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa naka su kwanta inda aka san su.

Wassalam.
Mahaifiyarsa, Gaya.