Inna, ina neman izinin kiran sunanki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, ina rubuto miki daga Alƙahira, daga gidanmu na unguwar Hayyus Sabi'i, inda yau kwana goma sha ɗaya ke nan 'yarki ba ta kwana ba. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na sa ta a shafin nan nawa na intanet ne saboda matan da nake biya wa karatun Alƙur'ani suna leƙawa, ita ma tana leƙawa, ko da ba ta cewa komai.

'Yarki nake cewa, don haka muka saba. Ni na haife ta, ita ce ta fari, kika ɗauke ta tun daga yaye. Ke take kira Inna, ni kuwa Yaya. Ga kunyar ɗan fari, ga kuma sunanki da aka sa mata, sai bakina ya samu ƙulli biyu. Shekararta ashirin da ɗaya, ban taɓa kiran sunanta ba. “Ke” nake cewa, ko “yarinyar nan”. Ko Ummi da kowa ke ce mata ban iya ba.

Garin nan ba daidai yake ba, Inna. Tankokin soja na bakin titinmu, ƙarfe bakwai na yamma an hana fita. Maigidana Malam ya yanke shawarar mu koma gida, an sa mana ranar tashi, saura kwana tara. Ita kuwa ta kwashe kayanta ta koma unguwar Darrasa, ɗakin wasu ɗalibai 'yan uwanta. Ta aiko wa mahaifinta cewa mu tafi, ita a nan za ta zauna.

Bari in faɗa miki mafarin abin, don ke ba ki son a fara labari daga tsakiya.

Tana da ƙawa 'yar Masar a ajinsu, Marwa, yarinya mai fara'a. Ita ta koya mata duba buruji, wato duban taurari. Ba irin na bayan jarida ba, wanda ake cewa 'yan watan kaza za su yi baƙi. Wannan mai zurfi ne a wajensu. Suna cewa akwai burujin da ke ɓullowa ta gabas daidai sa'ar da aka haifi mutum, suna kiransa ɗali'i, kuma yana sauyawa kusan kowace awa biyu. Daga shi gida na farko ke farawa. Wai gidan nan shi ne ƙofar da mutum ya shigo duniya: yadda aka tarbe shi, fuskar da yake nuna wa mutane, da yadda yake ganin kansa. Sai an ba na'ura rana da gari da sa'a, ita kuma ta zana.

Ni ta fara tambaya sa'ar. Na ce mata wannan ba maganar da ake yi da ni ba ce. Sai ta tambayi Malam, ya ce da hantsi ne ranar Juma'a.

Wata rana ina tsince shinkafa, ta ajiye mini takarda a kan faranti. Da'ira ce an yanka ta gida goma sha biyu kamar kankana. Ta ɗora yatsa a yanki guda ta ce tauraron Zuhal ne zaune a gidanta na farko. Wai mai irin wannan an tarbe shi da sanyi. Yana tashi da nauyi a ƙirji, yana ganin sai ya yi aikin kirki kafin a so shi, ba ya roƙo, ba ya kuka a gaban mutane. Inna, ina jin ta ina ganinta. Kamar wani ya zauna a falonmu shekara tara yana rubuta halinta.

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya fi ci mini rai. Cewa ta yi: “Yaya, ma'alish, ba komai, ba laifinki ba ne. Ga shi a rubuce, haka aka haife ni. Khalas, shi ke nan, na daina jira.”

Kin san abin da kika tura ni makarantar allo na koyo. Na ce mata tauraro halitta ne, bai san yana sama ba balle ya san ta. Na ce gaibu na Allah ne, ta yi istigfari. Har gobe ina kan wannan, ban janye ko harafi ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce: “Astagfirullah. Na yi. To, ki kira sunana.”

Na buɗe baki, Inna. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Ke, je ki rage gas, miya za ta ƙone.”

Ta je ta rage. Washegari ta tafi.

Tun ranar nake lissafin abin da yarinyar nan ta gani a garin nan. Tana da shekara goma sha biyu kika rasu, muka kawo ta. Ta baro ɗakin da ake yi mata kirari kowace safiya, ta faɗo garin da uwa ke leƙowa ta baranda tana ƙwala wa 'yarta kira, ya habibti, ya albi, wato masoyiyata, zuciyata, duk layi na ji. Uwar Marwa har tsakiyar titi take sumbatar ta. Ita kuwa ta dawo gida a ce mata “ke”. A can gida da ta ga 'yan fari irinta a kowane gida, ta gane. A nan wa za ta gani?

Maƙwabtanmu kuma Ummu Bashir suke ce mini, da sunan ƙanenta. Ranar da suka fara, daɗi na ji, na ce an sauƙaƙe mini. Ban lura tana tsaye a bayana riƙe da ledar burodi ba. Ashe ta lura.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Sa'ar da Malam ya ba ta ba ita ba ce. Ba ya nan ranar, yana Sakkwato wajen karatu. Hantsin Juma'a lokacin da saƙo ya iske shi ne, shi kuma ya riƙe shi a matsayin lokacin haihuwa. Duk zanen nan a kan isowar ɗan aike aka yi shi. Ni na san ainihin ranar, na san sa'ar, har inda inuwar bishiyar darbejiya ta kai a tsakar gidanki na sani.

Sau uku na ɗauki waya in aika mata. Layi ɗaya ne. Za ta kai wa Marwa, a sake zane, wataƙila Zuhal ya fice daga gidan, wani tauraro mai sakin fuska ya shigo, ta tattaro kayanta ta dawo. Sau ukun ina ajiyewa. In na yi haka na tura 'yata ga abin da na ce mata haramun ne, da hannuna. Kuma ko ta dawo, na'ura ce ta shaida mata ana son ta. Ranar da wani ya sake yi mata wani lissafin fa? Sannan gaskiya ita ce ƙorafinta ba a sama yake ba. A bakina yake.

Don haka ba zan rubuta sa'ar a nan ba. Amma tunda abin da take nema shi ne yadda aka tarbe ta, ke ce shaidata.

Kin tuna ɗakinki cike yake da mata. Kika yanke cibi, kika wanke ta, kika miƙo mini. Na juya fuskata bango, kamar yadda kowace mai haihuwar fari ke yi. Gwaggo Asabe ta yi guɗa ta ce yarinya ta san kunya. Aka kwantar da ita can ƙarshen gado. Sai aka kira salla, ba zan faɗi wacce ba, mata suka fita alwala.

Na jawo ta. Na warware zanen na ƙirga yatsunta, hannu da ƙafa, na sake ƙirgawa. Na sa hancina a tsakar kanta. Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Na yi ta kuka ina karanta mata Fatiha a kunne, ban san sau nawa ba. Ina cikin haka kika ɗaga labule. Kika dube mu, kika ɗauki buta, kika ce: “Ni dai ruwa na zo ɗauka, ban ga komai ba.” Kika tsaya a bakin ƙofa kina jan matan nan da hira har na gama.

Kin riƙe mini wannan sirrin har kika koma ga Allah. Na ɗauka kin yi mini gata. Yanzu na ga da kin tona ni da ya fi.

Na duba abin da na karanta, na tambayi waɗanda suka fi ni. Ban samu inda aka hana uwa kiran 'yarta ba. Abin da na samu shi ne jin ƙai ga yara ibada ne. Kunya adonmu ce, ban raina ta ba, ke kika koya mini. Amma ta yi wa yarinyar nan tsada a ƙasar da ba wanda zai fassara mata ita.

Shi ya sa nake neman izininki, don sunan naki ne kafin ya zama nata. Jiya na gwada a kicin, ni kaɗai, famfo na zuba. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Yau da safe na kai rabi.

Gobe in Allah Ya kai mu, bayan azahar, zan hau ƙaramar bas zuwa Darrasa, in dai an bar hanya a buɗe. Ba zan hau benen ba. A ƙasa zan tsaya, gaban mai sayar da littattafai, in ɗaga kai in kira kamar yadda matan garin nan ke yi. Ban sani ba ko za ta leƙo. Ban sani ba ko za ta bi mu gida. In ta ce karatunta za ta ƙarasa, wannan magana ce tsakaninta da mahaifinta. Amma ba zan hau jirgi in bar ta da waccan takardar ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yalwata kabarinki, Ya sāka miki da tsayuwar da kika yi a bakin ƙofar nan. Allah Ya tsare 'yarki daga harsashi da ruɗin taurari, Ya sanyaya mata zuciya. Ya kwantar da tarzomar garin nan. Ni kuma Ya kwance mini harshe gobe. Amin.

Ki yafe mini, zan fara da alƙalami.

Wassalam. 'Yarki Sa'adatu,
Ummu Maimunatu.