Zare Huɗu da Kwalaben Jini

Litinin, 4 ga Maris
A sanar da jama'a: yau na ƙara kalma ɗaya a umarnin harhaɗa harshen kwamfutar da manhajar ɗakin gwajin jininmu ke tafiya a kansa. Na kunna zare. Wato inji zai riƙa aiki huɗu lokaci guda maimakon bi da bi. Babu wanda ya tafa.

Hajiya, wadda muke ofis ɗaya shekara tara, ta ce, "Malam, guntun manhajar da ke buga sunaye a jikin kwalabe fa? Tun ba a san zare ba aka rubuta shi." Na ce na karanta littafin bayanin harshen kaf, har ƙananan rubutun ƙasa. Ta ce, "Shi guntun ya karanta?"

Laraba, 6 ga Maris
Guntaye uku sun ƙi tashi sai da na sake harhaɗa su. Na sunaye kuwa ko tari bai yi ba. Na nuna wa Hajiya. Ta ci gaba da shan shayinta.

Alhamis, 14 ga Maris
Layin masu jiran gwaji ya ragu. Shugaba ya yaba mini a gaban kowa.

Litinin, 18 ga Maris
Kwalabe biyu sun fita da sunan juna. An ba wani dattijo maganin da ba nasa ba, yana kwance. An dakatar da Baba Dogo, mai ɗibar jini, wai shi ya musanya takardun sunan wajen mannawa. Litinin mai zuwa kwamiti zai yanke ko a sallame shi.

Talata, 19 ga Maris
Na buɗe guntun sunayen, don dai in tabbatar ba ruwana. Wuri ɗaya tak yake ajiye suna kafin ya buga. Zare biyu suka zo tare, na biyu ya goge na farko. Sau ɗaya cikin ɗaruruwa, shiru, ba ƙorafi. Waɗanda suka ƙi tashi ashe su ne masu mutunci.

Na rufe. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 21 ga Maris
Na gamu da Baba Dogo a bakin ƙofa, ya kawo farar rigarsa a ninke. Ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, ido ne ya fara tafiya, ko? Shekara ashirin ban taɓa irin wannan kuskure ba." Na ce Allah ya kyauta. Duk karatun nawa abin da ya fito ke nan.

Juma'a, 22 ga Maris
Na kashe zaren, na mai da tsohon tsari. Layi ya koma har baranda. Hajiya ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "In za ka wajen Shugaba, je ka kafin a tashi."

Na je. Na ce hannun Baba Dogo lafiyarsa lau, nawa ne ya yi ɓarnar. Hajiya ta faɗa tun ranar farko, ni ne ban ji ba.