Saƙonnin Tarwaɗa a Cikin Akwati

Karmo, Abuja
Watan Yuni

Zuwa ga 'yata Glory,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da aikin asibitinku na Kafanchan, da ciwon kan nan da kika koma da shi daga jana'iza. Ni da sauƙi. Na ba direban tashar Zuba wannan takarda tare da ƙullin daddawa, don in na kira ki a waya murya ke ƙin fita, ke kuma sai kuka, mu rabu ba a ce komai ba.

Bayan tafiyarki Baba Yamusa, wan babanki, ya yi abin da al'adarmu ta ce. Ya tattara kayan marigayi, riguna, takalma, Littafi Mai Tsarki, har ƙaramar wayarsa mai tocila, ya zuba a akwatin ƙarfe, ya danna kwaɗo, ya tafi ƙauye da makullin. Ba mai taɓawa sai dangi sun taru rabon kaya bayan girbi. Akwatin yana ƙarƙashin gadona. Ba wanda ya tuna ya kashe wayar, saboda haka jefi-jefi sai in ji ta yi 'yar ƙarar shigowar saƙo, gabana ya faɗi. Na san 'yan tallan kamfanin waya ne, amma zuciya ba ta san haka ba.

Kin tambayi karen babanki. Tarwaɗa yana nan, sai dai ba ya cin abinci sosai. Yana kwance a bakin ƙofa inda babanki ke jingine babur. Matan zumunta da suka zo gaisuwa duk bakinsu ɗaya, makokin ubangidansa yake yi, a bar shi ya huce. Kin san ni da shi ba ma ga maciji tun ranar da babanki ya tsinto shi a kasuwar kifi ta Kado, baƙi wuluk da gashin baki, ya raɗa masa wannan suna. Sau nawa na ce masa kare yana da katin asibiti har da hoto, ni da na haifa masa 'ya sai kemis? Amma tunda kin roƙa, na yi alkawari. Zan riƙe miki shi har Kirsimeti ki zo ki ɗauki abinki.

Ki gai da abokan aiki. Ki riƙa cin abinci.

Mamanki,
Lydia

Karmo, Abuja
Watan Agusta

'Yata Glory,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya ruwa a wajenku? Nan Karmo taɓo ya kai mana ƙauri, zuwa sujada ma sai da takalmi a hannu.

Wayar ta daɗe da yin shiru. Da na ɗauka zan ji sanyi in ta daina, ashe shirun ya fi ƙarar ciwo.

Ba zan ɓoye miki ba, Tarwaɗa ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje. Kaska ta cika masa kunnuwa da tsakanin yatsu. Da kin gan ni zaune a turmi ina cire masa su ɗaya bayan ɗaya, ni da ban taɓa bari ya tsallako ƙofar ɗaki ba, da kin yi dariya. A wurin cirewar ne na tuna yadda babanki kan duba waya ya ce an kira oga Tarwaɗa asibiti, ya yi masa wanka, ya ɗauko keke napep su tafi. Ban taɓa tambayar wane asibiti ba ne, ko me ake yi masa. Tsaki kawai nake ja. Katin kuma na san inda yake, cikin Littafinsa, cikin akwati.

Na kira Baba Yamusa na roƙi ya aiko makullin. Da farko dariya ya yi, da ya ji da gaske nake sai ransa ya ɓaci. Ya ce tun da aka kafa gidansu ba a taɓa buɗe akwatin mamaci saboda kare ba, kuma me dangi za su ce in suka ji matar ta riga su shiga kaya. Na jawo akwatin, na ɗauko taɓarya, na tsaya a kan kwaɗon. Sai na tuna bakin mutanen ƙauye, na mayar da ita bayan ƙofa.

Maman Angela ta maƙwabta ta ce karen mahaifinta haka ya yi har ƙarshen damina, sannan ya miƙe. Jiya kuwa na je Kado na sayo kan kifi, ya ci rabi, har ya kaɗa mini wutsiya. Hankalina ya ɗan kwanta. In wata ya ƙare bai murmure ba, zan yi cigiyar asibitin dabbobi ko wanne ne.

Ki sa mu a addu'a, ni da shi.

Mamanki,
Lydia

Karmo, Abuja
Watan Satumba

Glory, 'yata,

Ina gaishe ki. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kuma a zaune. Tarwaɗa ya mutu.

Ranar Asabar wata yarinya mai lulluɓi ta yi sallama, takalminta duk laka. Sunanta Zaituna, ita ce ke tura wa masu dabbobi saƙon tuni daga asibitin. Ta ce babanki bai taɓa saɓa rana ba, yakan riga su buɗe ƙofa ma. Tun Yuni take tura masa cewa lokacin maganin kaska ya yi, ga damina ta kama, daga baya na allurar shekara, ta kira kuma wayar a kashe. Shi ne ta biyo kwatancen da ya taɓa yi mata, bayan coci, gida mai bishiyar gwaiba. Ba ta ma san ya rasu ba. Mun zauna mun yi kuka kamar 'yar uwata ce.

Da ta ɗaga leɓen Tarwaɗa, dasashinsa fari fat. Ba makoki ba ne, Glory. Zazzaɓin kaska ne yake shanye masa jini tun tuni, muna zaune muna yaba masa amana. Muka sa shi a keke napep, kansa a cinyata. Likita ya yi allura, ya sa ruwa, ya yi iya yinsa, amma ya ce da a watan jiya ne da ba wata magana. Ranar Litinin da hantsi ya cika. Jacob mai gyaran famfo ya taya ni muka binne shi a gindin gwaiba, inda babanki ke shan iska.

Na tambayi Zaituna me ya sa ba su neme ni ba. Ta yi ta kauce-kauce, sai da na matsa. Ta ce sukan karɓi lamba ta biyu a wurin kowa, kuma ta sha tambayar babanki tawa. Kullum sai ya yi murmushi ya ce a bar Madam, ba ta son zancen karen nan, kada a dame ta. Ni wasa nake yi masa, Glory. Wasa ne na yau da gobe, irin na mata da miji, na ɗauka ya sani. Na yi da-na-sanin kowane tsaki, na yi da-na-sanin taɓaryar da na ajiye.

Kada ki sayo sarƙar wuyan da kika ce za ki kawo wa Tarwaɗa. Amma ki zo Kirsimeti, don Allah, ko da ba abin da za ki ɗauka. In an buɗe akwati ba na son zane ko agogo. Ki taya ni roƙon Baba Yamusa ya ara mini wayar kafin a ba wani, in yi mata caji. Duk ƙarar nan da na ji a ƙarƙashin gadona ina so in karanta ta da idona.

Ubangiji ya tsare mini ke. Ki yafe mini alkawarin.

Mamanki mai ƙaunarki,
Lydia Bartholomew