Ummi Ta Ƙi Cin Tuwona

Daren Laraba, Tudun Wada.

Tun shirin talabijin na jiya, inda na'ura ta ɗauki kamannin wata uwa ta shiga gidanta, 'yata Ummi ta ƙi cin abinci a hannuna. Shekararta huɗu fa! Sai laluben wuyana take, wai tana neman makunni.

Matan gidanmu kuwa gardama suke ta yi. Maman Ngozi ta ce na'urar ta ba ta tausayi, Hajiya ta ce saɓo ne. Ni ina ruwana? 'Yata ke tsorona, wallahi.

Ɗazu na manna kunnenta a ƙirjina, na ce, "Saurara, na'ura tana da wannan?"

Ta saurari bugun zuciyata, ta karɓi loma ɗaya. Gobe sai ta ci biyu, da yardar Allah.