Inna, Ruwan Rinin Ya Fito Garau

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Mariama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya kai haske makwancinki.

Inna, kin tuna yadda kike toshe hanci da bakin mayafi idan ƙaramar bas ɗin haya, gbaka, ta hau gada da mu, daga Adjamé zuwa rumfarki a kasuwar Treichville? Kya leƙa ruwan tafkin da ke ƙarƙashin gadar ki ce, "Mu sayar da atamfa, kifi ya sha rini."

Bayan rasuwarki na samu aiki a wata masana'antar rini, a ɓangaren ruwan da ake zubarwa. Hukuma ta ce ko a tace shi ko a rufe wurin. Magidanta da yawa a nan suke samun na cefane, har da mijin Anti Balki.

Da kin ga aikin, da kin sha dariya. Wani ƙaton tanki ne cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dauɗar. Daga nan ruwan ya bi ta wani mataci da ya fi rariyarki ta koko ƙananan huda. Sai dai halittun ba sa rayuwa sai ana hura musu iska, injin iskar kuma yana shan wuta har mai masana'antar ya fara zancen sallamar mutane.

Na roƙi a bar ni in gwada hura iskar ana tsagaitawa. Da farko tankin ya yi kumfa har ta malalo kan takalmana, na koma gida ko aceke, dambun rogon nan, na kasa ci. Na yi ta rage tsawon hutun injin kaɗan-kaɗan har halittun suka warware. Shan wuta ya sauka, ruwa ya fito garau, ba a sallami kowa ba.

Hajiya Delu, maƙwabciyar rumfarki, ta nace sai ta gani da idonta. Ta tsoma farin gyalenta, ta matse, ta ɗaga wa rana. Babu tabo. Ta rangaɗa guɗa a gaban ma'aikata, sannan ta juyo tana yi mini faɗa wai na rame, da irin muryarki sak. Na yi dariya har hawaye suka zubo, Innata.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya shayar da ke daga Alkausara.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya