Taken Da Ban Amsa Ba

Kalgo, ranar Lahadi.

Zuwa ga matata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin tashi lafiya, ke da ɗan baƙonki. Yaya ruwan zafi, yaya ƙarfin jiki? Ki gaishe mini da Malam da Hajiya da duk mutanen gida a nan Gwandu.

Na san za ki ce me ya samu Sirajo, ga waya a aljihu ya koma aiko takarda hannun direba. Sau uku na kira ki jiya, sau uku ina ɓigewa da tambayar kunun kanwa. Maganar ce ta fi ƙarfin bakina.

Kin san Makon Al'adun da za a yi a Birnin Kebbi, wanda aka sa ni cikin kwamitinsa. Ba wannan makon ba, na sama. Fasta ta kai har tashar Kalgo, rediyo kuwa ya hana kowa sakat da shela. Alhamis kokawa da dambe. Juma'a wasan kwaikwayon ɗalibai da karatun waƙoƙin ajami, wanda aka gayyaci Malam ya shugabanta. Asabar 'yan kama da mawaƙan zamani, sannan a rufe da kiɗan noma. Abokin aikina Zayyanu aka ɗora wa neman makaɗa. Ya bi ƙauyuka yana tambayar wa ya rage cikin tsofaffin masu gangar noma, kowa ya nuna masa hanyar Diggi. Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da na ga suna a fasta: Siddiƙu Mai Ganga.

Sa'adiyya, Baba ne. Baban nan da kika sani, mai shiru-shiru, mai aiko miki da gero. Shekara talatin yana kiɗan gayya, in ya sa gula a ganga ƙato sai ya manta da zafin rana. Ni na sa ya rataye ta, shekarar da na shiga kwaleji, don 'yan ajinmu suna ce mini ɗan maroƙi. Bai yi mini musu ba. Da aka zo neman aurenki na ja kunnen Baffa kada wanda ya ambaci ganga. Na ce ina gidan malaman Gwandu ina ɗan makaɗi.

Jiya aka kira su gwaji a filin bikin bayan la'asar. Ni na rako Malam, ina rungume da jakar littattafansa, baki a washe kamar gonar auduga. Muna shiga Baba ya hango ni. Kin san ni ne ɗan fari, tunda aka haife ni bakinsa bai taɓa furta sunana ba. Amma ina da take. Ranar sunana ya yi mini shi a ganga, kuma da shi yake kirana, ko ina can fadama in na jiyo sai in sheƙo da gudu. A wajenmu in aka kaɗa wa mutum takensa, ko me yake yi sai ya tsaya ya ɗaga hannu ya jinjina. Ko kuna gaba da makaɗi ba ka hana shi wannan.

Ya kaɗa. Wallahi har cikin hanjina na ji shi. Hannuna ya motsa da kansa, na danne shi da jaka. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, a zatonsa hayaniya ce ta hana ni ji. Na ukun a hankali ya yi shi, bai ma ƙarasa ba ya tsaya. Ni kuwa ina can ina nuna wa Malam inda za a jera kujerun manyan baƙi, kujerun da ko kawo su ba a yi ba. Da na saci kallo ya riga ya ba ni baya yana ɗaure gangarsa.

Yau da safe Baba ya aiko cewa ba zai samu zuwa bikin ba, wai hannu ke masa ciwo. Zayyanu ya zo yana ta yi mini ƙorafin tsofaffi da saɓa alkawari, ni kuma ina gyaɗa kai. Kai, ni Sirajo na ga ta kaina! Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. Don Allah kada Malam ya ji wannan magana.

Ki huta lafiya. Mijinki,
Sirajuddeen.

Kalgo, ranar Laraba.

Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya yaron da kukan nasa? Allah ya ƙara muku lafiya. A gaida su Hajiya.

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ashe ni kaɗai nake ɓuya, kowa na kallona. Ashe kafin Malam ya ba ni ke sai da ya tura mutum biyu Diggi, suka dawo masa da labarin ganga da gula duka, ya ce mutumin da ya sa jama'a noman abin da za su ci ba abin gudu ba ne. Ke ma tun makon biki Hajiya ta faɗa miki, kika zuba mini ido shekara biyu kina jiran in buɗe baki. Ina ta yi miki tatsuniyar Baba bai san komai ba sai galma, kina cewa Allah sarki. Ke ma dai ba ki da dama.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne na Malam. Kin ce ya gane tun kiɗa na biyu, don ya ga mutanen Diggi da ke wurin duk sun waiwayo suna dubana. Ya so ya ƙarasa ya gaisa da surukinsa, ya ga na kafe, sai ya rufa mini asiri ya bi ni kallon filin kujeru. Kuma wai abin da ke damunsa shi ne saboda shi aka yi wa dattijo haka. Da wane ido zan sake zama gabansa?

Kin yi gaskiya, ba Gwandu ya kamata in aika takarda ba. Gobe da sassafe zan hau babur in tafi Diggi.

Naki,
Sirajuddeen.

Kalgo, ranar Juma'a.

Zuwa ga Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake a jiki. A gaida Malam, in ya yarda ya amsa.

Na je. Na tarar da shi a zaure yana tufkar igiya, da hannun nan da aka ce yana ciwo. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba, har kuka na yi, ƙato da ni. Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki igiyar nan ya zabga mini. Sai ya tashi ya shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya leƙa ya ce wa Inna a dama fura a kwanon baƙi. Ya ce ba komai, aikin gwamnati sai da kiyaye mutunci. Ya tambayi lafiyarki da ta yaron. Ya ce zai zo ranar Asabar ɗin, don Zayyanu ya yi sawu biyu, bai kamata a kunyata shi gaban jama'a ba.

Har na fara jin sanyi a raina. Da na tashi tafiya sai ya taka mini har bakin babur, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya ya dube ni ido cikin ido, ya ce Malam Sirajuddeen a sauka lafiya. Shekarata talatin da huɗu, jiya na fara jin sunana a bakinsa. Inna tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Ban san yadda na kawo Kalgo ba.

Na faɗa wa Zayyanu gaskiya yau. Na roƙe shi ya bar mini lasifika ranar Asabar, ni zan gabatar da Baba, in faɗi ko ni ɗan wane ne a gaban duk wanda ya zo. Ban sani ba ko zai kaɗa mini. In bai kaɗa ba ba shi da laifi.

Tunda ranar Talata za ki yi arba'in, ki biyo Malam ku zo. Kafin nan ki taya ni roƙon Allah ya sa Baba ya daina kiran sunana.

Wassalam. Mijinki,
Sirajuddeen.