Hannun da Zan Miƙa wa Alhaji

Zuwa ga Zoulaïha, ruwan randata a tsakiyar rani, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta gasa, farin goron da ba a haɗa shi kwando ɗaya da sauran goro! Sallama daga unguwarmu Ladjifarani har ƙofar gidanku a Djougou.

Ki yi haƙuri da rubutun nan, hagu ce ta yi shi, dama can ni da biro ba mu shaƙu ba.

Kin tuna ranar da kika zo duba ni a asibitin Parakou, bayan mota ta ture ni a kan moto, wato babur ɗina? Kin sunkuya za ki ajiye lemo, sai bakin mayafinki ya sauka a kan hannuna na dama. Wayyo, hasken idona! Ido ya gani, hannu bai ji ba. Ni da inuwarki kawai in ta gifta sai tsikar jikina ta tashi, ga mayafinki a fatata, kamar a kan itace aka shimfiɗa shi. Na yi murmushi don kada ki lura, ba ki kuwa lura ba.

Har yau haka yake. Likita ya ce jijiyar kafaɗa ce ta taɓu, ko hannun ya tashi ko kada ya tashi, sanin na Allah ne. Kullum ina wajen masu tausa, ina zuba wa yatsun nan ido kamar manomin Kolokondé da ya binne doya yana jiran tsiro. Shiru.

Ga shi za mu zo gaida Alhaji, mahaifinki, a kan maganarmu. Kawuna Daouda ya tsara komai. Wai in tallabi damar da hagu in miƙa, yadda yaro mai ladabi ke gaida babba, ba mai ganewa. Alhamis ya zaɓa da gangan, don in an kawo sakwara in ce azumi nake. Har gwaji muka yi a zaure, wallahi ya yi kyau, amma ni ban yarda da shi ba.

Alhaji, mutumin da ya tsufa yana taɓa goro ya ware mai tsutsa, shi ne zai kasa gane hannun da ba ya motsi? In ma ya kasa, da wane ido zan dube ki, tauraruwata, in azumin ƙarya ne ya kawo ki ɗakina?

Don Allah ki gaya masa kafin Alhamis. Ki ce hannun ya shanye, moto ya gagare ni, yanzu shagon abokina Zulkifli nake tsaro ina sayar da kayan gyara. Na san Alhaji zai iya rufe mini ƙofa. Amma kafin shi, ke fa? Za ki iya zama da mijin da zai karɓi ruwa daga hannunki da hagu a gaban baƙi? In ba za ki iya ba, kada kunya ta ɗaure miki baki. Ba zan ga laifinki ba.

Ni dai zan zo ba azumi. Zan zauna a tabarmar Alhaji, in yi bismillah, in sa hagu a kwanonsa kowa na kallo. In ya ce in dakata, zan dakata. Jira na iya shi.

Naki da hannu ɗaya da zuciya sukutum, har ranar da za a kwantar da ni bisa wannan damar, fuska alƙibla,

Yaou